Da gaske Yahudawan Turai ba su ɗaga ko sanda ba a Yaƙin Hitila?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare musu ya kaure a wurin mai shayinmu. Abokina ya kafe a kan cewa Yahudawa miliyan 6 'yan Nazi suka kashe, amma ba wanda ya ɗaga ko sanda, sun bi layi kawai kamar tumaki. Abin bai kwanta mini ba, sai dai na rasa hujja. Duk abin da na sani game da wannan yaƙi daga bakin kakana na ji, shi kuwa a Bama ya yi nasa, Japanawa ya sani. Don Allah masana a warware mana, akwai shayi mai kauri a kan maganar.

Tsohon Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka je ka karɓi shayinka. Shekara 28 na yi da alli a hannu, kuma kusan kowane aji sai wani yaro ya yi mini wannan tambaya.

Kalmar tumakin ma da abokinka ya ɗauka, daga bakin mayaƙan ta yi suna. A daren shiga shekarar 1942, a birnin Vilna (Vilnius ta Lituwaniya a yau), wani saurayi mai suna Abba Kovner ya karanta wa matasa takardar kira cewa kada su yarda a kora su kamar tumaki zuwa mayanka. A watan Janairun nan suka kafa ƙungiyar mayaƙan ɓoye ta Yahudawan birnin, mai suna FPO.

Amma babban labarin na Warsaw ne, a Polan. A Nuwamban 1940 Jamusawa suka zagaye unguwa guda da katanga, suka cusa Yahudawa sama da 400,000 a ciki. Kafin a fara kwasarsu, yunwa da cuta sun riga sun ci fiye da 80,000. Daga 22 ga Yulin 1942 zuwa Satumba aka loda kimanin 265,000 a taragun jirgin ƙasa zuwa Treblinka, sansanin da aka gina don kashe mutane. An ce musu aiki za a kai su gabas. Har burodi kilo 3 da jam kilo 1 ake ba wanda ya kawo kansa tasha. Ka yi tunanin uwar da 'ya'yanta suka kwana uku ba su sa komai a baki ba.

Da waɗanda suka rage suka tabbatar inda jiragen ke zuwa, sai tura ta kai bango. Ƙungiyoyi biyu suka yi shiri: ŻOB, ƙarƙashin Mordechai Anielewicz da bai wuce shekara 24 ba, da ŻZW ta su Paweł Frenkel. Duka-duka mayaƙan wajen 750 ne. Makamansu ƙananan bindigogi, gurneti, da kwalaben fetur. Wasu bindigogin sayensu suka yi a ɓoye da tsada, kaɗan kuma mayaƙan ɓoye na Polan suka ba su. Ranar 19 ga Afrilun 1943, jajibirin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, sojojin Jamus suka shigo da tankar yaƙi, suka tarar da ruwan wuta daga tagogi, dole suka ja baya. A dandalin Muranowski 'yan ŻZW suka kafa tutoci biyu a kan bene, ta Polan da ta Yahudawa mai fari da shuɗi. Aikin da Jamusawa suka yi wa lissafin kwana 3 ya ɗauki kusan wata guda. Da Janar Stroop, kwamandan Jamusawan, ya ga shiga gida-gida ba riba, sai ya koma cinna wa unguwar wuta layi-layi. Anielewicz ya mutu ranar 8 ga Mayu a maɓoyar ƙasa ta gida mai lamba 18 a titin Miła. Ranar 16 ga wata Stroop ya tarwatsa babbar majami'ar Yahudawa ta birnin, ya rubuta wa manyansa cewa unguwar ta zama tarihi.

Maman Hanifa:
Baba Malam, sannu da ƙoƙari, amma kun manta da mu mata. A sansanin kisa na Auschwitz 'yan matan da ake sa wa aikin dole a masana'antar makamai ne suka riƙa sato albarushi ɗan kaɗan-kaɗan a cikin tufafinsu, wata da watanni, ana miƙa wa mazan da ke aiki a wurin ƙona gawa. Ranar 7 ga Oktoban 1944 mazan suka yi bore, suka lalata ɗaya daga cikin gine-ginen. An kama mata huɗu masu hannu a lamarin, cikinsu da Roza Robota, aka azabtar da su ba su tona kowa ba, aka rataye su a Janairun 1945. Makonni kaɗan suka rage sojojin Sobiyat su iso.

Sarkin Musu:
Malam, a gafarce ni. A rahoton Stroop ɗin nan ai mutum 16 kacal ya ce an kashe masa, shi kuma ya kama ko ya kashe sama da 56,000. Wannan yaƙi ne ko ƙunar baƙin wake? Kuma me ya hana su tashi tun 1940 da suke da yawa da sauran ƙarfi?

Tsohon Malamin Tarihi:
Sunanka ya bi ka. Lissafin Stroop na mai son burge ubangidansa ne, amma ko an ninka shi sau goma maganarka tana nan: ba su yi nasara ba, kuma sun san haka tun kafin harbin farko.

Tambayarka ta biyu ce mai nauyi. A 1940 ba a gina Treblinka ba tukuna, mutane na ganin wahala ce irin wadda kakanninsu suka sha ta wuce. Sannan ga hukuncin gayya: ka harbi soja ɗaya, a kashe gidanku da maƙwabta. Bari in ba ka abin da ya faru a Vilna a Yulin 1943, wanda duk shekarar da na koyar da shi sai ajin ya yi tsit. Jamusawa suka gano sunan kwamandan FPO, Yitzhak Wittenberg. Aka kama shi, yaransa suka ƙwace shi a hanya. Sai aka aiko cewa ko a miƙa shi ko a rushe unguwar da aka killace Yahudawan birnin da kowa a ciki. Jama'ar da yake shirin karewa su suka fito titi suna neman a ba da shi, iyaye riƙe da 'ya'yansu. Gaba kura, baya sayaki. Ya miƙa kansa, washegari aka sami gawarsa a kurkuku. Bayan wata biyu aka rushe unguwar duk da haka. Ni dai ban taɓa iya ɗora wa iyayen nan laifi ba, kuma ban iya cewa Wittenberg ya yi kuskure ba.

Shi ya sa a raina na fi jinjina wa 'yan gidan Bielski, Tuvia da ƙannensa, a dajin Naliboki da ke Belarus ta yau. Sauran 'yan sari-ka-noƙe saurayi mai bindiga kawai suke karɓa. Tuvia ya ce kowa ya zo, tsohuwa da jariri. Suka kafa gari a cikin daji, da maɗinka, da masu gyaran takalmi da bindiga, har da makaranta. Ba waliyyai ba ne, abincinsu da bakin bindiga suke karɓa a ƙauyuka, kuma manoman yankin ba su manta ba. Amma a bazarar 1944 mutum wajen 1,200 suka fito daga dajin da ransu.

Hajiya Maman Hanifa, kin yi gaskiya, na karɓi gyara. A ƙara da boren sansanin kisa na Sobibor: 14 ga Oktoban 1943, Alexander Pechersky, hafsan sojan Sobiyat Bayahude, ya tsara aka riƙa kiran jami'an SS, dakarun Nazi masu tsaron sansanin, ɗaya bayan ɗaya su zo gwada riga ko takalmi, ana gamawa da su da gatari. Wajen 300 suka tsallake waya, kimanin 50 suka ga ƙarshen yaƙin.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba. Cikin shugabannin Warsaw akwai wanda ya tsira kuwa?

Tsohon Malamin Tarihi:
Akwai. Marek Edelman ya fita ta magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa ranar 10 ga Mayu da 'yan tsirarun mayaƙa. Bai koma Isra'ila ba, ya zauna a Polan, ya zama likitan zuciya a birnin Łódź, ya rasu a 2009. Shayin kuma a sa madara sosai, abokinka ne zai biya.