Faifai mai giram 180: da gaske ya fi daɗin ji ko dai nauyi kawai muke saye?

ɗan_Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu son sauti. Bari in fara da abin da nake ji kwanakin nan tunda haka muka saba. Satin nan kusan kullum bayan isha'i Afrique Victime na Mdou Moctar ne a kan filatin ɗina (injin juya faifai), wanda kamfanin Matador suka fitar a 2021, gitar nan in ta shigo sai ka rantse mutumin yana tsakar ɗakin, kuma tsakanin waƙa da waƙa tsit kake ji ba ƙaraf ko ɗaya.

To ga abin da ya dame ni. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya taho mani da wani sabon faifai dal cikin leda, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, an manna masa takarda wai giram 180, euro 30 na tura masa kusan jika 20 kenan. Na wanke hannu na ɗora shi ina ta murna, tun waƙar farko sai tas tas kamar ana suyar gyaɗa, a bafal (lasifika) na hagu kuma wani wuri sai ka ji fiiit kamar an yaga atamfa, in an kusa ƙarshen gefen kuma muryar mawaƙin ta dinga tsagewa. Abin haushin akwai wani tsohon faifan babanmu bugun Legas, siriri har lanƙwasa yake a hannu, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wallahi ya fi shi daɗin ji. Shin giram 180 ɗin nan yaudara ce ko allurata ce ta mutu? Ku kuma me kuke ji yanzu?

mai_gyara_Katako:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Nauyin faifai da daɗin sauti hanyar jirgi daban ta mota daban. Tsagin da allura ke bi zurfinsa ɗaya ne ko faifan giram 120 ne ko 180, domin ba a kan robar ake yanka shi ba. Ana fara yanka waƙar ne a kan wani faranti mai laushi, daga nan a yi masa rigar ƙarfen nikel a fitar da mul, kamar dai mul na buga bulo, shi ake dannawa a kan curin roba mai zafi. In wanda ya yanka gwani ne kuma mul ɗin bai gaji ba to ko faifan siriri ne zai yi daɗi. In kuwa an yi gaggawa, robar ba ta yi zafin da za ta cika tsagin ba, shi ne wannan ƙarar yagewar atamfa da kake ji a gefe guda, kuma wannan ko da sabulun duniya ka wanke ba ta fita. Mai kauri ma ya fi son a ba shi lokaci ya huce cikin inji, shi ya sa za ka ga sabo fil ya zo a karkace. Amfaninsa dai ya fi zama daram a kan filatin kuma ya fi daɗin riƙewa, iyakarta kenan.

Kamfanonin bugu ma aiki ya yi masu yawa tun da faifai ya dawo yayi. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo a Kalifoniya, alhali su da wata guda a Japan ne kaɗai ke yin farantin da ake yankan a kai a lokacin, ka ga kuwa dole abu ya cushe.

Maganar tsagewar murya a ƙarshe kuwa kada ka yi saurin zagin faifan. Juyi 33 da sulusi yake a minti ko'ina, amma a bakin faifai allura na cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuma ashirin da ƴan kai, wato waƙa ɗaya ce aka cusa a ɗaki ƙarami. In an loda wa gefe guda fiye da minti 22 abin sai ya ƙara muni. Allurar da ta ci awa 500 zuwa 1000 a nan take fara tona asirin kanta. Yaushe rabonka da canza ta? Kuma ka auna nauyin da take dannawa, yawancinsu giram 1.5 zuwa 2 suke so, kada ka ɗora mata dala biyar a kai kamar yadda mutanenmu ke yi in tana tsalle.

Ni a shago rediyo kawai nake ji saboda ƙura, a gida kuma Kaani na Tal National, amma a CD nake da shi ba ruwana.

Baba_na_Tahoua:
Ɗana sannu da hasara, amma bari in tambaye ka, kwana nawa faifan yay yi cikin mota ko cikin akwati kahin ya iso hannunka? Mu nan Tahoua watan Afrilu zahi shina wuce digiri 40 cikin inuwa ma, faifai kuwa roba ta. Na taɓa barin guda ukku bisa kujerar mota na shiga sallar azahar na tsaya gaisawa da mutane, da na komo sun zan kamar faifan ruhe ƙwarya, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A tsaye aka aje su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya bisa ɗaya ba, kuma nesa da bangon da rana ka bugu.

Sannan lokacin hunturu iska ya bushe, faifai shina jan ƙura kamar maganaɗisu, kana hiddo shi daga riga kana jin shina tas tas a hannu. Rabin suyar gyaɗar da kaka ji ƙura ta da wanga. Ni abin da nika yi, ruwan da anka tace na zuba ma batir (wanda babu asid, ka tambaya da kyau), ɗigon sabulun wanke kwano guda, ƙyalle mai laushi, in bi tsagin a zagaye, in ɗauraye in jingine shi ya bushe, ban bari ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Sabon faifai ma ina wanke shi, don daga masana'anta suna zowa da datti. Rigar takardar nan ta ciki mai kaushi kuma ka canza ta.

Abin da nika ji kuwa, Mamman Sani na. Mu da munka tashi da rediyon Muryar Sahel mun san organ ɗin nan tun ba mu san sunan mai shi ba, tsakanin shiri da shiri aka sa shi. A 1978 yay yi ɗaukar, kamfanin Sahel Sounds sunka maido ta bisa faifai 2013. Akwai ɗan shuuu a ƙasan kiɗin, yarana sunka ce bugun na bai yi kyau ba, nac ce masu a'a wanga daga tef ɗin asali yake, ba laihin mai bugu ba na. Ga yadda zaka gane, ƙarar da ke komowa duk juyi guda, wajen daƙiƙa biyu saura kaɗan, wagga ta faifai ta. Wadda ke tahiya sumul ba ta yankewa, tare da waƙar anka haife ta.

ƴar_Yantala:
Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma. Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan ɓata maku, jika 20 a faifai guda?? Les Filles de Illighadad nake ji yanzu kuma a waya nake ji da abin kunne mai kyau, ɗaukar farkon nan a fili aka yi ta a ƙauyensu, tende (gangar turmi ta Buzaye) da tafi da muryoyi, ban ga abin da giram 180 zai ƙara mata ba. Irin waƙoƙin nan ai ta bulutut da katin memori suka zagaye Sahel kafin Turawa su buga su a roba su sayar mana da tsada. Amma ban ƙi ba ranar da na ji faifai a gidan kawuna da manyan bafal ganga ta daki ƙirjina, wannan kam waya ba ta yi.

ɗan_Boukoki:
Na gode ƙwarai. Baba na bi maganarka na wanke shi jiya da dare, suyar gyaɗar ta ragu sosai kusan babu, ashe har da ƙurar ɗakina. Amma yagewar atamfar tana nan a wuri ɗaya cikin waƙa ta biyu, na haska tocila na ga wasu ƴan ɗige-ɗige farare a jere cikin tsagin, ina jin shi ne abin da mai gyara ya faɗa. Allura kuma kunya ta hana ni faɗa, tun da na sayi filatin ɗin na hannu shekara huɗu kenan ban taɓa canza ta ba. Mai gyara ranar Asabar in sha Allah zan shigo kasuwar Katako da kan allurar gaba ɗaya ka duba mani, ta wace ƙofa shagon naka yake?