Rigar fata ta yi mini yawa: wa ya taɓa gwada ruwan zafi?

Mai tambaya, daga Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar na shiga Katako wajen 'yan gwanjo, aka fasa dila a gabana, na tsinci jaket na fata, baƙa wuluk, raina ya kwanta da ita. Hunturu ya kawo kai, kun kuma san sanyin Jos na Disamba da Janairu ba ya raga wa mai fitar asuba. Sai dai rigar ta yi mini yawa, kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe yatsuna. Wani ya ce in tsoma ta a ruwan zafi za ta tsuke. Kafin in yi ɓarna, don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini abin da idonsa ya gani.

Direban keke, daga Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Na yi bara, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ruwan da na sa mai ɗumi ne, wanda hannuna zai iya zama a ciki ba tare da na janye ba. Na danna rigar cikin baho kamar minti 10, na ɗago na naɗe ta a tawul na daddanna, ban murɗa ba. Sannan na sa ta a jiki da danshinta, na yi ta kai-komo a tsakar gida ina lanƙwasa gwiwar hannu. Ƙirji da kafaɗa sun kama jikina, layukan da suka fito a gwiwar hannu kuma suna nan har yau, sun ƙara mata kyau. Tsawon hannu kam kaɗan ya ragu. Ka sa tsohuwar riga a ciki, domin rini yana zuba, farar singiletina ta tashi daga aiki.

Wani matashi, daga Bukuru:
Yaya, ni tafasasshen ruwa na sa, har gobe abin yana ci mini rai. Rigar mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, ita kaɗai na roƙa cikin kayansa. Na ga ta yi mini girma, na sauke tukunya daga wuta na juye a kai. A gabana fatar ta fara motsewa tana nannaɗewa kamar ganda. Hannun dama ya fi na hagu gajarta, zif ya yi tudu da kwari saboda shi bai tsuke ba, shafin ciki ya leƙo ta ƙasa. Da ta bushe ta ƙandare, na lanƙwasa ta tsage a baya. Tana nan cikin akwati, na kasa yarwa.

Baduku, daga Naraguta:
Allah Ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Abin da ya faru da kai dafuwa ce, fatar ta dahu. Ku tuna fata naman jiki ce, jima ce kawai ta hana ta ruɓewa. In zafi ya wuce abin da za ta iya ɗauka, zaren cikinta yana takurewa, kuma babu man da zai mayar da shi.

Jimar da aka fi yi kuma iri biyu ce, nan mutane ke ruɗewa. Akwai tamu ta gargajiya, ta bagaruwa, irin wadda majema ke yi a Kano da Sakkwato. Ita tana shan ruwa sosai, tana karɓar siffa. Da ita muke yin kube: mu jiƙa, mu ɗora a kan wuƙa, ta bushe ta riƙe siffar. Amma ba ta jure zafi. Ɗana da ya karanci fasahar fata a Samaru ta Zariya ya ce daga digiri 70 zuwa 80 take fara motsewa. Turawan da ma da gangan suke tsoma irinta a ruwan zafi don ta yi tauri su yi sulke da akwatuna, to ka ga ba abin sawa a jiki don ɗumi ba ne. Ta biyu ita ce ta kamfani, wadda ake jemewa da sinadarin kurom. In ka duba bakin yanka za ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Yawancin rigunan gwanjo ita ce. Tana jure zafi har kusan digiri 100, shi ya sa ruwan ɗumi ba ya rage ta da yawa. Amma tsohuwar riga da ta sha shekaru ƙarfinta ya ragu, kada ka dogara da wannan lissafin.

Abin da kowa ke mantawa shi ne mai. Ruwa yana fita da man da ke cikin fata, iskar hunturun nan kuwa da ke fasa leɓe da dunduniya haka take yi wa fata. Ka shanya a inuwa, nesa da rana da kaskon wuta. Kafin ta gama bushewa ka shafa man kaɗe kaɗan-kaɗan da tafin hannu. Zai ɗan duhunta launi, don haka fara gwadawa a ƙarƙashin kwala. Batun hannu kuwa, kawo mu yanke mu mayar da ɗinki. Aikin yini ɗaya ne.

Mai gadi, daga Rayfield:
Baba ya gama magana. Nawa na takalmi ne. But ɗin da aka ba mu wajen aiki ya ci mini dunduniya har jini. Wani tsohon soja da muke kwana tare ya ce in jiƙa da ruwan ɗumi, in sa safa mai kauri biyu, in ɗaure igiya tamau, in yi ta tafiya har ya sha iska a ƙafata. Ya zauna daram. Da dare na cusa tsofaffin jaridu a ciki, na kuma bi shi da Kiwi bayan kwana 2. Abokin aikina ya ɗora nasa kusa da garwashi don ya yi saurin bushewa, gam ya saki, ƙasan ya buɗe baki, hancin ya murɗe sama. Shumeka ya ɗinke ƙasan, hancin dai bai dawo ba.

Mai sayar da gwanjo, daga Taminus:
Ƙanena, ka tabbatar fata ce tukuna. Da yawa cikin abin da ke fitowa daga dila roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Ɗaga shafin ka duba bayanta: ta gaske tana da gashi-gashi, ta bogi kuwa saƙa za ka gani. Ka kuma shinshina. Roba ba ta tsukewa, ruwan zafi ɓare ta yake yi ta riƙa zuba kamar garin ƙanzo. Kwastomomi biyu sun dawo mini da irin wannan suna faɗa. Mai laushin nan kuma mai kama da karammiski, ruwa tabo yake bar mata.

Ɗalibi, daga Abuja:
Ni so nake tawa ta yi kamar tsohuwa. Da kwalbar feshi na jiƙa gwiwar hannu da bakin aljihu kawai, na cukuikuye da hannu, na sa ta har ta bushe. Sau 3 na maimaita cikin wata guda, ban taɓa tsoma ta ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya mai gwanjo, na ɗaga shafin, gashi-gashi ne, bakin yankan kuma toka-toka kamar yadda Baba ya ce. Jiya na yi irin na direba, kafaɗa ta ɗan kama, yanzu tana rataye a zaure kuma na shafa man kaɗe sau ɗaya. Hannun bai ragu ba. Baba, in Allah Ya kai mu Litinin bayan Azahar zan shigo Naraguta da ita.