Ango yana Saudiyya, uban amarya ya rasu: wa zai bayar, wa zai karɓa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Za a ɗaura wani aure bayan Juma'a a nan Kaduna. Ango yana aiki a Jidda, ba zai samu zuwa ba. Mahaifin amarya ya rasu, kawunta, ƙanin mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, amma tana da wa uba ɗaya a Rigasa. Kawun ya ce shi zai bayar. Ya halatta? Shi kuma ango, waya kawai ta isa ya naɗa wakili?

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, walicci ta wajen uba yake tafiya: ɗanta idan tana da shi, sai uba, sai ɗan'uwa shaƙiƙi, sai na uba ɗaya, sai 'ya'yansu, sai kaka, sai baffa. Kawu na wajen uwa ba ya cikin wannan jerin. Riƙon da ya yi ya ba shi matsayin mariƙi, amma mariƙi yana bayan dangin uba.

Mafita mai sauƙi ce. Wan amarya ya ce a gaban shaidu biyu: "Na wakilta kawu wane ya aurar da ƙanwata wance ga wane." Kawu ya samu girmansa, aure ya tsaya a kan ƙa'ida. Sharaɗi dai wakilin waliyyi ya cika abin da ake nema ga waliyyi: namiji, Musulmi, baligi, mai hankali, ba cikin haramin Hajji ko Umara ba. Kuma a nemi izinin amarya, a ambata mata sunan mijin, tunda wa ba shi da ikon tilas irin na uba.

Malam na Kawo:
Rashin ango a wurin ba matsala. Annabi (SAW) yana Madina aka ɗaura aurensa da Ummu Habiba a Habasha, a gaban sarkin ƙasar, Najjashi.

Wayar ta isar, amma kada ta zama tsakaninsa da wakilin su biyu. A buɗe lasifika, maza biyu adilai da suka san muryarsa su ji, ko ya turo saƙon murya a ajiye. Ya faɗi sunan matar da na mahaifinta (gidan da ke da 'yan mata uku, nan ake samun ruɗani), ya faɗi sadaki, lakadan ne ko ajalan.

Wurin sadakin nan rigima take ɓullowa. A ce ango ya yanka naira dubu 200, a taro aka matsa wa wakili, kunya ta kama shi ya amsa dubu 300. Idan ba a tare ba, ango yana da zaɓi: ya yarda da ƙarin, ko amarya ta haƙura da 200, in kowa ya ƙi a warware. Idan an riga an tare, kuma ya tabbata da shaidu ko iƙirari cewa wakili ne ya ƙetare iyaka, ango 200 ɗinsa zai biya, cikon ɗarin daga aljihun wakili. Haka Muhtasar Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya kawo.

Lafazi ma a kula. Wakili ya ce "na karɓa wa wane", ya kira sunan ango a fili, kada ya tsaya a "na karɓa" kawai, don shaidu su san wa aka ɗaura wa.

Hajiya Unguwan Rimi:
Allah ya saka, malamai. Ƙari ɗaya: wakilci a ba mutum guda. Idan mace ta ba waliyyai biyu izini, kowa ya aurar da ita ga nasa, na farko ne miji, sai dai in na biyun ya tare da ita bai san da na farko ba. In an kasa gane wanda ya riga, duka biyun a rushe. Idan kuma wan ya ƙi bayarwa, ya ƙi wakiltawa, ba tare da hujja ba, alhali manemin tsaranta ne a addini da hali, a kai magana gaban alƙali. Zai umarce shi ya aurar, in ya dage alƙalin ya ɗaura.