Tsofaffin bidiyo da rubuce-rubucena sun taru, ya zan sake juya su su zama talla?

Mai_Lissafi:
Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar talla a intanet ku taimaka min da shawara. Ina koyar da lissafin ƙananan sana'o'i ne, yadda mutum zai rubuta shiga da fita ya gane ribarsa, da ɗan aiki da Excel. Dogayen bidiyo na nan jibge a YouTube ɗina, ga rubuce-rubuce a shafina, yanzu kuma na buɗe kwas na biya ina son mutane su sani. Matsalar ita ce ba ni da lokacin yin sabon abu kullum don Instagram da TikTok da Facebook da WhatsApp, koyarwar kanta ta ishe ni. An ce min in daina wahalar da kaina in yayyanka tsofaffin in sake zubawa. To ba zai zama ina maimaita wa mutane abu ɗaya har su gaji da ni ba? Sannan na ji ana cewa Google na hukunta wanda ya sa rubutu ɗaya a wuri biyu, haka ne? Ta ina ma ake farawa?

Baban_Edita:
Wslm malam. Ai da tsohuwar zuma ake magani, kana zaune kan kaya ba ka sani ba. Amma kar ka ɗauki bidiyon minti 40 ka datsa shi gida goma daidai wa daida ka ce ka gama, wannan shi mutane suke yi sai su dawo suna cewa abin ba ya aiki. Fara shiga YouTube Studio, kowane bidiyo yana da jadawalin nan da ke nuna inda masu kallo suka tsaya da inda suka gudu, duk inda ka ga layin ya ɗan yi tudu to nan ne mutane suka koma baya suka sake kallo, waɗannan wuraren su za ka ciro. Kowane guntu ya zama tambaya ɗaya da amsarta, wanda bai taɓa ganinka ba ya kalla ya fahimta ba sai ya nemi abin da ka faɗa kafin nan ba.

Sai batun siffa, bidiyon YouTube a kwance yake 16:9, su kuma gajerun bidiyo na Shorts (YouTube) da Reels (Instagram) da TikTok a tsaye suke 9:16, in fuskarka ce kawai ba matsala manhajar editin bidiyo ta CapCut za ta gyara maka, amma tunda kana nuna Excel in ka matse allon duka cikin tsaye lambobin za su zama ƙanana ba mai iya karantawa a waya, gara ka zuƙo daidai layin da kake magana a kai ka sa fuskarka sama ko ƙasa. Cire doguwar gaisuwar farko da "kamar yadda muka yi bayani a darasin baya", ka faɗa kan maganar kai tsaye domin yatsan mai kallo ba ya jira. Ka sa rubutun abin da kake faɗa a jikin bidiyon saboda da yawa ba sa kunna murya, kuma ka duba irin font ɗin da ka zaɓa don wasu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a madadin harafin.

Shorts yanzu na ɗaukar har minti 3 tun Oktoban 2024, da can sakan 60 ne, amma ba dole ka cika ba. Abu na ƙarshe, ka ajiye kwafi mai tsabta daga manhajar da ka yi editin, shi za ka ɗora ko'ina. Kar ka sauke daga TikTok da tambarinsu yana yawo a jiki ka kai Instagram, tun 2021 Instagram suka faɗa cewa irin waɗannan ba sa tura su gaba sosai.

Yar_Shafi:
Malam kan maganar Google ka kwantar da hankalinka, ba wai hukunci ake yi ba in dai ba satar rubutun mutane kake yi kana cika shafi da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne in ya ga rubutu iri ɗaya a adireshi biyu sai ya zaɓi ɗaya ya nuna a sakamakon bincike, to tsoron shi ne ya zaɓi wancan ya bar shafinka da kwas ɗin yake. Maganinsa akwai alamar da ake sawa a bayan shafi ana ce mata kanonikal, tun 2009 ake amfani da ita, ita ke nuna wannan ne na asali. In a dandalin rubutu na Medium za ka sake sawa ka bi ta wurin shigo da rubutu na su, da kansa yake sa alamar ta koma shafinka.

Ni kam ma ba na son kwafe rubutu duka. Rubutu ɗaya mai kyau zai ba ka jerin hotunan nan da ake ja gefe a Instagram, da 10 ne iyaka yanzu har 20, kowane hoto magana ɗaya, Canva, manhajar tsara hotuna, ya isa. Shi ɗin dai ka fitar da shi PDF ka sa a LinkedIn. A X kuma haruffa 280 ne ga mai asusun kyauta, sai ka jera su bi da bi. Amma dan Allah ka karanta tsohon rubutun kafin ka juya shi, in ka ce "danna nan" alhali Excel ɗin ya canja fuska, ko ka ambaci wata doka da aka riga aka sauya, mutum ɗaya zai kama ka a kwament ya ɓata maka tallar.

Dattijon_Kasuwa:
Duk abin da suka faɗa daidai ne amma ni inda na ɗan saɓa da Baban Edita, wurin da aka fi maimaita kallo ba lallai shi ke kawo mai saye ba. Wani lokacin barkwanci ka yi a wurin, za a kalla a yi dariya a wuce ba wanda zai biya kuɗin kwas. Kai talla kake so ba suna ba. Je ka kwament na tsofaffin bidiyon da saƙonnin da ake turo maka, tambayar da ta fi dawowa, misali "ina ciniki sosai amma ban ga kuɗin ba", ita ce za ka nemo amsarta a cikin tsohon kayanka ka fara da ita, domin mai wannan tambayar shi ne kwastomanka.

Batun gajiya kuma wlh kai ne kaɗai ka ga duk abin da ka ɗora. Ko mabiyanka ba duka ake nuna wa kowane fostin ba, balle waɗanda suka zo bana ba su san abin da ka yi bara ba. Abin da ke gundurar mutane shi ne su ga bidiyo ɗaya da rubutu ɗaya rana ɗaya a duk inda suka leƙa. Rarraba su, wannan makon guntun bidiyo, bayan kwana biyu-uku hotuna, can gaba saƙon murya ko imel.

Kuma ka tanadi hanyar da mutum zai bi ya iso kwas ɗin, nan ake asara. Link a rubutun ƙasan fostin na Instagram ba ya dannuwa sai a bayo (bayanin kanka a saman asusunka) ko sitori, a Shorts ma tun 2023 link na kwament da na bayani ba ya dannuwa, sai dai ka haɗa guntun da dogon bidiyon ta wurin da suka tanada, can kuma link ɗinka na aiki. Sitatus na WhatsApp awa 24 ne ya ɓace, don haka abin da kake so ya ɗan daɗe ka sa shi a Channel na WhatsApp. In za ka iya ka ba kowane dandali link ɗinsa daban mai alamar UTM, wato ɗan rubutun da ake ƙarawa a ƙarshen link don a san daga ina aka danna, Google Analytics zai nuna maka daga ina masu rajista suke zuwa, wanda ba ya kawo kowa ka rage wahala a kansa.

Mai_Lissafi:
Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Ƙarin tambaya ɗaya, akwai wani bidiyo na wani da ya yi bayanin ribar kashi cikin ɗari fiye da yadda na yi, zan iya yanko ɗan kaɗan in sa a nawa in na rubuta sunansa? Da kuma waƙoƙin da ake sawa a bayan bidiyo.

Baban_Edita:
A'a malam, rubuta suna ba izini ba ne. Kuma maganar nan da ake yawo da ita wai in bai wuce sakan kaza ba babu komai, babu ta a doka. YouTube na da Content ID da ke gano kayan da masu shi suka yi wa rajista, in mai abu ya kai ƙara aka sauke bidiyon za a ba ka gargaɗin haƙƙin mallaka, yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, in suka kai 3 tashar na iya tafiya gaba ɗaya da duk tsofaffin kayan da muke magana a kai. Tura masa saƙo kawai ka nemi izini a rubuce, ka faɗa masa talla ce. In kuma a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba jama'a damar amfani da aikin mutum, ya sake shi duba wane iri, CC BY ya yarda in ka ambace shi, mai NC a jiki bai yarda da kasuwanci ba kuma tallar kwas kasuwanci ce.

Waƙa ma haka, wadda ka ga kowa na sawa ba lallai an yarje wa mai talla ba. TikTok na da rumbun waƙoƙi daban na 'yan kasuwa, Meta mai Facebook da Instagram na da Sound Collection, YouTube na da Audio Library, ɗauki daga can kuma ka duba sharaɗin kafin ka kai ta wani dandalin. Ni a ganina ma darasin lissafi muryarka kaɗai ta wadatar.

Yar_Shafi:
Ƙari kan wannan, har kalaman yabo na ɗalibanka in za ka ɗauki hoton saƙonsu ka mai da shi talla, tambaye su tukuna, ka kuma rufe lamba da hoton fuska. Bidiyon da ka yi da wani baƙo ma a sake tuntuɓarsa, ya yarda da hira ne a lokacin, bai ce a sa fuskarsa a tallar kwas ba.