Don Allah a taimaka min da takardar gwajin kunnen Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ma'aikatan lafiya. An yi wa mahaifina gwajin ji, aka ba mu takardar da ake kira odiyogram. Kwana uku ke nan ina juya ta.

Na gane jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin X kuma na hagu. Lambobin sama, 250 zuwa 8000, kaifin sauti ne, na gefe kuma ƙarfinsa da desibel. Inda na maƙale shi ne kunnen dama. Da aka sa masa abin ji a kunne, ya tsaya wajen desibel 45, amma da aka ɗora na'urar a ƙashin bayan kunne sai ya ji a 15. Wannan giɓin yana nufin katantanwar cikin kunne (sashe mai siffar katantanwa da ke karɓar sauti) da jijiya lafiyarsu lau, matsalar tana dodon kunne ko ƙananan ƙasusuwan nan uku da ke bayansa?

Gwajin motsin dodon kunne kuma layi ya fito a miƙe, an rubuta B. Ruwa ne ya taru a bayansa?

Baba yana ta tambayata ko kurumcewa zai yi, ni kuwa ba na son in faɗa masa abin da ban fahimta ba kafin mu koma wurin likita.