Littafin bincike mai aljanu, masu binciken mata biyu: ta ina zan kama?

Ƴar_Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina Yamai wajen karatu amma ƴar Tawa ce ni. Akwai wasu littattafai da nike karantawa a salula da Faransanci, galibi a Wattpad, manhajar da mutane ke sa labaransu, mata biyu masu bincike suna bin sawun kisa ko ɓatan mutum sai su tarar da hannun fatalwa ko mayu a ciki, kuma ana cikin aikin soyayya ta shiga tsakaninsu. Ni so nike in rubuta irinshi da Hausa, labarin ya faru a Ader, guda jandarma ce guda kuma ɗiyar ƴar bori ce da ta yi lakwal ta dawo gida. Abu biyu sunka tsaya mini. In aljani na iya yin komi to mi ya rage da za a bincika? Ita kuma soyayyar in bar ta ko in cire ta?

Malam_na_Lise:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta farko tsohuwa ce, tun 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki 10 na labarin bincike, cikinsu har da cewa kar a sa abin gaibu ko kaɗan, dan in aljani ne ya yi kisan an cuci mai karatu da ya zauna yana haɗa alamomi. Masu irin littafin da kike so sun karya dokar amma sai sunka ɗaure aljanin da nashi sharuɗɗa, abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, kuma a faɗa ma mai karatu tun farko.

Ke kam kin ma yi sa'a dan bori cike yake da ƙa'ida, kowane iska da kiɗanshi da kalar tufafinshi da dabbar da ake yanka mishi da irin ciwon da yake sawa, iskar da ake kira Inna ita aka sani da shanye hannu ko ƙafa, maye kuma kurwa yake kamawa kuma mutane sun ce sai an sa shi ya tsallaka marar lafiyar kafin ya sako kurwar. To a ce an tsinci gawa gindin tsamiya an bar baƙar akuya a wajen, gari ya ɗauka iska ce, sai ɗiyar ƴar borin ta duba ta ce a'a wannan iskar ba ta karɓar irin wannan dabbar, wanda ya shirya wurin bai san bori ba. Kin ga daga nan anket, wato binciken, ya tashi. Ki tuna kuma jandarma ba za ta rubuta aljani a takardar da za ta kai ma alƙali ba, dole a ƙarshe a samu ɗan Adam da dalilinshi, gado ko gona ko kishi. Ki tambayi tsofaffi labarin Tunguma, dutsen shari'a na Lugu ƙasar Arewa, da arwa, wato duban da ake yi a Masalata kusa da Ƙonni, za ki samu abin rubutu.

Maman_Ikram:
Ƙanwata ni gaskiya zan faɗa miki ba dan in ɓata miki rai ba, maɗigo haramun ne a addininmu kuma ni ba zan karanta ba balle in ba ɗiyata. Ki maida su aminai mana, amintar mata ma ai labari ce babba. Sannan ki duba inda kasuwar littafin Hausa take, Kano ce, can akwai hukumar tace finafinai da littattafai tun 2001, a 2007 har ƙona littattafan soyayya anka yi a bainar jama'a alhali na mace da namiji ne, ga dokar Najeriya ta 2014 da ta hana auren jinsi. Ina ji miki tsoron bakin mutane wallahi.

Zabaya227:
Tanti na ji maganarki kuma tsoron da kike ji mata gaskiya ne, dan haka Ƴar_Ader kar ki sa sunanki na yanka ko lambarki, ki yi sunan aro. Amma ni ban ga a cire ba. Irin waɗannan matan suna nan cikinmu, rashin rubuta su bai sa sun ɓace ba, kuma abin ya dace da labarin sosai, mace da aikinta shi ne tono asirin mutane ita kuma tana ɗauke da nata da in ya fito aikin da dangin duk sun tafi, ga uwa na matsa mata ta fiddo miji, ga mai laifin da in ya gano zai riƙe ta da shi ya ce ta rufe dosiye.

Abu guda ki yi hattara da shi, wurinmu da an ga mace ba ta son aure sai a ce aljani ne ya aure ta a kai ta ruƙiyya. Littafinki na da aljanu, in ba ki bayyana ba mai karatu zai ɗauka iska ce ta haɗa su. Ki raba abin biyu sarai, iskoki na wajen kisan, son kuma nasu ne da hankalinsu. Kuma dan Allah kar ki kashe guda a babin ƙarshe dan ki huta da tambaya, an yi hakan har an gaji.

Ƴar_Ader:
Na gode duka, Tanti har ke, na san dan kina so na ne. Zan bar soyayyar amma a hankali za ta zo, ba wani abin batsa, kuma da sunan aro. Malam wannan maganar akuyar na ɗauke ta. Saura guda, in gawar a ƙauye anka tsince ta wajen Tabalak jandarma ke zuwa ko ƴan sanda?

Malam_na_Lise:
Jandarma, su ke riƙe da karkara, ƴan sanda cikin gari suke. Ki sa hakimin garin ma ya riga su isa wajen, haka ake yi.