Ganau, jiyau da wanda ya zo bayan an gama: ku taya ni neman kalma

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman malaman Hausa da 'yan jarida da ke nan, don Allah ku taya ni neman wata kalma, yau kwana uku kenan tana damuna. Wasu matasa ne a unguwarmu masu shafukan labarai a Facebook suka roƙe ni mu zauna ranar Asabar a kan yadda ake tantance labari kafin a sake shi, na zauna ina rubuta 'yan bayanai da Hausa sai na zo kan abin da Turawa ke ce wa primary source da secondary source, wato majiyar da ta fito daga cikin lamarin kansa da wadda ta ɗauko daga wajen wani, nan na tsaya cak.

Aro dai ba zai yi ba. Firamare da sakandare mun are su tuntuni amma makaranta suke nufi a kunnen Bahaushe, kuma sakandare ce gaba da firamare, toh ka ga in ka ce wa yaro majiyar sakandare zai ɗauka ita ce babba, alhali a nan ta farkon ce ta fi kusa da abin da ya faru.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce majiya ta farko da majiya ta biyu. Na juya ta a baki ban gamsu ba, don ta farko a wurinmu ita ce wadda ta riga kowa, kuma a zamanin wayar hannu wanda ya riga kowa sakin labari sau da yawa shi ne wanda ko hanyar wurin bai sani ba, daga wani guruf ya kwaso. In na koya wa yaran nan cewa majiya ta farko ce abin dogaro wallahi na ƙara musu ƙarfin gwiwar rige-rige ne kawai. Majiya mai tushe kuwa gidajen rediyo sun riga sun ba ta aiki, ita ake faɗa idan an yarda da mutum amma ba a son ambaton sunansa.

Na san da yawanku za ku ce ai muna da ganau da jiyau, me ake nema kuma. Gaskiya ne, kuma ina son kalmomin nan sosai, amma mutum kaɗai suke ɗauka. Kwafin hukuncin kotu fa? Takardar sakamakon zaɓe da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu a rumfa, kundin kasafin kuɗi, hoton kyamarar tsaro, muryar gwamna da aka naɗa yana jawabi, duk waɗannan na cikin abin da ake nufi kuma ba wanda zai ce wa takarda ganau.

Ga abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi: majiyar asali da majiyar ruwaya. Asali, wato abin da ya fito daga cikin lamarin kansa, mutum ne ko takarda ko faifai. Ruwaya kuma kalma ce da muke ji kullum, jaridar kaza ta ruwaito, kamfanin dillancin labarai kaza ya ruwaito, duk wanda ya taɓa zama gaban malami ma ya san mai ruwaya ɗauko magana yake daga wani. Ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Amma akwai wani abu da nake so kalmar ta riƙe, shi ne majiya ba ta zama ta asali ita kaɗai, sai an tambaya asalin ME. Ku tuna Shekau shugaban Boko Haram, a 2013 da 2014 sojojin Najeriya sun fitar da sanarwar da ke nuna ya mutu, jaridu suka buga, daga baya bidiyo ya fito, mutuwarsa ba ta tabbata ba sai a watan Mayun 2021 a dajin Sambisa. Takardar sanarwa majiyar asali ce a kan abin da mai sanarwar ya faɗa, wannan ba shakka, amma a kan abin da ya faru cikin daji ruwaya ce, don kakakin da ya sa hannu shi ma gaya masa aka yi. Shi ya sa kalmar "in ji" take da nauyi a labari, kuma ita yaranmu suka fi saurin yar da ita a kanun labari.

Sai maganar ganau, nan ne na fi damuwa. Muna cewa gani ya kori ji, kuma da zarar mutum ya fara saƙon murya da "ni ganau ne ba jiyau ba" shikenan kowa ya sallama. Ranar 22 ga Yulin 2005 'yan sanda a Landan suka harbe wani ɗan Brazil mai gyaran wutar lantarki, Jean Charles de Menezes, ɗan shekara 27, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Stockwell, sun zaci yana cikin waɗanda suka yi yunƙurin tada bamabamai kwana ɗaya kafin nan. Shaidun gani da ido suka gaya wa 'yan jarida cewa yana sanye da ƙatuwar rigar sanyi, ya tsallake shingen tikiti da gudu, duniya ta ɗauka. Da bincike ya fito sai ga shi 'yar jaket ɗin jins ce a jikinsa, ya tsaya ya ɗauki jaridar kyauta, ya wuce shingen da katinsa kamar kowa. Ana ganin 'yan sandan da suka biyo shi a guje ne mutane suka gani suka zaci shi ne. Mutanen nan suna wurin da gaske, tsoro da ruɗani ne suka haɗa musu mutum biyu suka zama ɗaya.

Ni ma na ga ƙaramin irinsa a bakin titinmu. Mota ta buge mai babur, na iso mutane sun taru, mai shayin wurin yana ta bayani har da nuni da hannu, mai motar ne ya shigo hannun da ba nasa ba. Da aka watse na zauna a bencinsa na ce Malam lokacin da abin ya faru kana ina, ya ce ga ni nan ina soya ƙwai, na ce ina ka fuskanta, ya yi shiru kaɗan sai ya ce gaskiya na ba titi baya, ƙarar na ji na juyo. Mutumin kirki ne, bai yi niyyar ƙarya ba, ya ga babur a ƙasa ya ga inda mota ta tsaya sai zuciyarsa ta cike masa sauran.

Irin wannan mutumin ba mu da sunansa. Ba jiyau ba ne don ya ga jini ya ga gilashi a ƙasa, kuma ba ganau ba ne a kan wa ke da laifi. Ina ba da shawarar riskau, daga riska, wanda ya riski abin bayan an gama, a kan awon ganau da jiyau da mantau. Yawancin waɗanda ake kira shaidun gani da ido bayan gobarar kasuwa ko hari a ƙauye riskau ne, shaidarsu na da amfani ƙwarai a kan gawa nawa suka ƙirga da shago nawa ya ƙone, amma ba a kan yadda wutar ta tashi ba.

Wata 'yar'uwa ta tuna min cewa malaman hadisi sun rigaye mu a wannan, kuma ta yi gaskiya. Sun raba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa, mutum na iya zama mai gaskiya amma haddarsa ba ta da ƙarfi, kuma sun bambanta wanda ya ce na ji da kunnena da wanda ya ce daga wane. Isnadi ma kalma ce da zan saka a takardar, don in na ce wa yaro kawo isnadin wannan bidiyon nan take zai gane ina nufin wa ya ɗauka, a ina, yaushe, ta hannun wa ya iso gare ka.

Toh abin da zan rubuta musu kenan in ba a samu wanda ya fi ba, majiyar asali, majiyar ruwaya, ganau, riskau, jiyau. Riskau ɗin ce nake so in ji ta bakin mutanen Sakkwato da Katsina da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ko tana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata ta, ku faɗa min kafin Juma'a don ranar zan kai a buga takardar.